Abin da Hanya Ta Rage wa Kakata

Kakata Esnart, wadda duk unguwarmu a Luanshya ke kira Bana Chilekwa da sunan ɗanta na fari, ba ta jin Turanci sai ɗan na ciniki. Amma akwai wata waƙar Turawa guda ɗaya da ta fi kowa saninta. Ko a motar haya aka sako ta, tun daga bugun jita na farko za ka ga ta juya fuska wajen taga ta tsirtar da yawu. Ina ƙarama na ɗauka ƙwannafi ke damunta.

Waƙar tsohuwa ce, tun zamanin faifan garmaho. Wani Bature mai murya kamar ta mai mura ne ya fara yin ta, daga nan kowa ya ɗauka. Mata sun rera, makaɗan otal sun rera, 'yan makaranta masu koyon jita da ita suke farawa. Labarin cikinta ba shi da yawa. Mutum ne ya dawo daga doguwar tafiya, takalminsa ya tsage, buhunsa wayam, ya tsaya a bakin shinge yana kiran wata mata da ba a faɗi sunanta ba. Amshin kuwa, in an juya shi zuwa harshenmu, cewa yake ta fito ta ga abin da hanya ta rage. Ita matar ba ta buɗe baki ko sau ɗaya har waƙar ta ƙare.

A garinmu waƙar ta kakana ce. Lazarous Kasonde sunansa, amma kowa Ba Lazo yake ce masa, don "Ba" a wajenmu kalmar girmamawa ce. Ya yi shekara biyu kacal yana shiga ramin haƙar tagulla, sannan ya ce ƙura tana ɓata masa murya, ya ajiye hular ƙarfe ya ɗauki jita. Dogo ne, mai wushirya, ba ya fita sai da farin takalmi. Har yau tsofaffin da suka yi rawa a kulob ɗin ma'aikata in aka ambace shi sai su lumshe ido, su ce ai shi kansa Baturen bai kai Ba Lazo iya waƙar ba.

Kaka kuwa ba wanda ke lumshe ido in an ambace ta. Daga wani ƙauye kusa da Luwingu ta zo a bayan babbar mota tana da shekara goma sha tara, da tukunya biyu da keken ɗinkin da yayanta ya ba ta. Shekara arba'in da ɗaya tana suyar fanke a bakin kasuwa. Bayan hannuwanta duk tabon mai ne, wani kan wani. Ta haifi shida, ta raini biyar, sannan ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata ina da shekara huɗu. Sunana Lombe, sunan 'yarta da ta rasu tana ƙarama aka maimaita mini. Ni ce ke riƙe da akwatin ƙarfen gidanmu, mai hotuna da katin baftisma da katin awo na kowa, don tun ina sakandare in aka rasa ranar haihuwar wani ni ake tambaya.

Kakana ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Bakwai na ƙarshe a kwance ya yi su, rabin jiki a shanye, Kaka ke juya shi, ita ke kwashe masa. Da shekara ta zagayo aka sa ranar buɗe dutsen kabarinsa. A danginmu dutsen yana nan lulluɓe da farin ƙyalle har sai matar mamacin ta ɗage shi da hannunta. Wani ba ya yi mata.

Saura mako uku Kawu Chilekwa ya iso daga Lusaka. Tun kafin ya gama rufe ƙofar mota turarensa ya riga shi shiga gida. Ya kira ni gefe ya miƙo mini wayarsa.

"Lombe, kalli aiki. Duk makabartar nan babu irinsa."

Baƙin dutse ne mai faɗi, na mutum biyu. Ɓangaren hagu an sassaƙa sunan kakana da shekarunsa da hoton jita. Ɓangaren dama sumul, ba komai.

"Nan na Mama ne," in ji shi, yana ƙwanƙwasa wajen da farce. "In lokaci ya yi, Allah ya nisanta. Na riga na kama mata wurin a gefensa."

A ƙasa kuma, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ratsa ɓangarorin biyu, an rubuta amshin waƙar da Turanci da ruwan zinariya.

"Ke ce mai alƙalamin gidan nan. Ki rubuta mana tarihin Baba, sannan ki yi wa jama'a bayanin waƙar. Ma'anar ai a fili take. Hanya ita ce duniya, matafiyin shi ne rai, wanda ake kira kuma Ubangiji ne."

Na ce, "Kawu, ai mace ake kira a waƙar."

"Ke dai! Turawa haka suke, komai sai sun cusa mace a ciki. Rubuta kawai."

Na ji daɗi da aka zaɓe ni, ba zan ɓoye ba. A shagon buga takardun da nake aiki, duk lokacin cin abincin rana sai in hau kwamfuta in yi ta bincike. Ashe mutane sun fi shekara hamsin suna sa-in-sa a kan waƙar nan. Wani ya ce soja ne ya dawo daga yaƙi. Wani ya ce ɗan ƙwaya ne ke neman tuba. Wani ya rantse da ƙasarsa mawaƙin yake, wani ya ce da uwarsa. Akwai wanda ya cika shafi guda a kan buhun kaɗai. Na kwashi na kwasa, na haɗa da na Kawu, na fitar da shafi uku masu tsabta. Duk cikinsu ba wanda ya tsaya a kan matar da ke bayan shingen, ni ma kuma ban tsaya ba.

Ranar wata Laraba da la'asar na kawo wa Kaka in karanta mata. Tana tsakar gida tana tsince wake a faifai, ga Amai Jere a kan kujera 'yar tsugunno tana taya ta. Amai Jere maƙwabciyarmu ce tun kafin a haifi uwata, "Amai" kuwa a harshensu "Mama" ke nan. A ƙabila Bangoniya ce, mu kuwa Bembawa, don haka abokiyar wasanmu ce: a biki ko a makoki, duk abin da ta ga dama ta faɗa mana, ba mai ikon yin fushi.

"Ga farfesa ta iso," in ji ta. "'Yar masu cin biri ta yi boko. Karanto mana."

"Gara biri da ɓera, Amai," na ce da ita, na zauna na fara.

Na karanta tarihin, Kaka ba ta ɗago ba. Na shiga bayanin waƙar, na zo inda na rubuta cewa rai ne ke tsaye a gaban Mahaliccinsa cikin ƙanƙan da kai. Sai na ji tsintar wake ta tsaya.

"Wa ya gaya miki?"

"Kaka, haka masana suka ce. Kawu ma haka ya ce."

"Masanan nan, da su aka wanke wandon?"

Amai Jere ta fashe da dariya, sannan ta haɗiye ta da ta ga fuskar Kaka. Kaka ta ajiye faifan a ƙasa.

"Ajiye takardar nan in ba ki ma'ana. Kakanki in ya bi makaɗa, wata uku ne, wata takwas ne. Akwai tafiyar da ya yi shekara da rabi, har ƙetaren Kongo. Ba saƙo, ba ko gwangwanin gishiri. Amma bai taɓa dawowa ranar Litinin ba. Bai taɓa dawowa Laraba ba. Sai Lahadi, an taso daga coci, kowa yana zaune a ƙofar gidansa. Kuma ba zai yi sallama ba. Can zai tsaya bakin shingen nan, ya yi ta murɗa kunnen jita har sai layi ya cika, sannan ya fara. Duk sun iya amshin. Su yi ta tafi suna bi. Ki ji mata suna cewa, 'Haba Bana Chilekwa, fito mana! Zuciyarki ta dutse ce? Ina ma nawa mijin ya iya haka!' In ban fito ba ni ce muguwa. Sai in fito. A yi guɗa, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. Ni a bar ni da abin da hanya ta rage."

Ta fara lissafawa da yatsun nan masu tabo. Ƙwarƙwata a kai da gemu. Wandon da ko kare ba zai kwanta a kai ba. Aman da yake yi a kan tabarmar yara. Ƙuraje a wurin da ba a nunawa, wanda bayan sati biyu ita ce za ta tsaya a layin asibiti ma'aikaciya tana yi mata kallon banza. Keken ɗinkinta kuwa, a dawowa ta huɗu ya kwana biyar, ya fita da shi a ka ya musanya da lasifika.

Na ce, "Kaka, ya isa."

"Bai isa ba. Ke kika zo da shafi uku." Ta dubi Amai Jere. "Faɗa mata na mai sunanta."

Amai Jere ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗa. Ƙyanda ce ta kama ƙaramar Lombe tana da shekara uku, Ba Lazo yana hanya. Aka aika gari uku ana nemansa. Yarinya ta rasu, aka binne ta ba shi. Saƙo ya same shi, ya kuwa taho, ya shigo Luanshya ranar Alhamis. Marigayi mijin Amai Jere ya gan shi da idonsa a gidan wani abokinsa, unguwa ɗaya tsakani, yana goge farin takalmi. Alhamis, Juma'a, Asabar. Yana jiran Lahadi.

"Tabarmin zaman makoki ba a gama mayar wa masu su ba," in ji Kaka. "Ya tsaya a wurinsa ya rera waƙar da kuka. Layin nan kaf aka yi hawaye. Aka ce ba a taɓa ganin uban da mutuwar ɗiya ta taɓa haka ba. Na fito. Ya shigo ya tambayi abinci. Kabarin yarinyar nan, har ya mutu bai san inda yake ba."

"Ni ma na yi tafi ranar," in ji Amai Jere, tana kallon tafin hannunta kamar ta dafa kashin kaza. "Da hannun nan. Kuma na sani."

Kaka ta ɗauki faifanta. "To ga ma'ana, farfesa. Yanzu kuma za ku kwantar da ni a gefensa, ku ɗora mini ita a ƙirji har ranar tashi. Da rai ban huta ba, a mace ma sai na fito."

Washegari na kira Kawu a waya na faɗa masa komai.

"Lombe, ina wajen ai. Ba labari aka ba ni ba. Ranar da Baba ya dawo, mu ne sarakan layin nan. A kafaɗa yake ɗaukata. Kin san yadda yaron da ake yi wa gorin uba yake ji ran nan?" Sai muryarsa ta koma irin ta ofis. "Mama ba ta ma jin Turanci, ina ta san abin da waƙa ke nufi? An riga an sassaƙa. In ta ga mutane za ta sauko, kullum haka take. Ki karanta abin da kika rubuta."

Kullum haka take. Wato shi ma ya san dabarar.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a makabarta. An kafa rumfa, matan coci sun yi anko, dutsen yana naɗe da farin ƙyalle da jan zare kamar kyautar biki. Kaka tana kujerar gaba da baƙin zane, hannu biyu a cinya. Fasto ya yi addu'a, aka kira ni. Na karanta shekarar haihuwa, da garin, da aikin rami, da sunayen 'ya'ya shida, na kuwa ɗaga murya a kan na Lombe. Da na zo shafi na biyu na naɗe takardar na koma na zauna. Ban yi jarumtar faɗin gaskiya ba. Abin da na iya kawai shi ne ban karanta ƙaryar ba. Kawu ya harare ni ta saman tabarau.

Fasto ya ce, "Yanzu mahaifiyarmu za ta taso ta ɗage mana."

Kaka ba ta motsa ba.

Ya maimaita, da ƙarfi, a zatonsa kunne ne. Kawu ya je ya durƙusa yana mata raɗa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Mutane suka fara gyaran murya, wani jariri ya tsala kuka. Sai na ga Kawu ya miƙe ya yi wa wani alama da kai. Wanda ake kira Ba Friday ne, tsohon da suka yi yawon kiɗa da kakana, wanda aka ɗauko don ya yi waƙar bayan an buɗe dutse. Ya gyara jitarsa a cinya, ya murɗa kunnenta, ya fara.

Tsofaffi suka kama amshin nan take. Matan coci suka bi, har da rangaji. Tafi ya tashi. Daga bayana wata ta ce, "Haba Bana Chilekwa, tashi mana, mijinki ne fa!" Wata ta ce, "Kunya take ji, ku ƙara mata!" Na dubi fuskokinsu, mutane sun fi ɗari, duk sun yi laushi, wasu na share hawaye, suna jin daɗin kansu. Mutumin yana ƙarƙashin ƙasa, amma ga shi tsaye a bakin shinge, ya tara layi.

Na kuma ga abin da ya fi tayar mini da hankali: hannuwan Kaka sun bar cinyarta sun kama hannun kujera. Jikinta ya saba. Ta fara turo kanta gaba.

Na zame daga kujerata na zauna a ƙasa a gabanta, na jingina bayana da gwiwoyinta.

Amai Jere ce ta miƙe. Da ma ta zo da ƙullin garin masara, irin wanda abokan wasa ke baɗa wa dangin mamaci a kai. Ta taka a hankali har gaban Ba Friday, ta kwance ƙullin, ta juye shi kaf a ramin jitar, ragowar ta shafe masa a sanƙo.

"Kai tsohon banza, haƙori uku a bakinka kana wa matar mutane waƙa? Ku Bembawa naman biri ya toshe muku kunne! Mace ta ce a'a shekara hamsin, ba wanda ya ji!"

Wasu suka yi dariya don al'ada ce, dole a yi. Ba Friday ya yi ta tari, gari na tashi daga jitar. Waƙar ta watse, tafin ya mutu ɗaya bayan ɗaya.

A cikin shirun nan Kaka ta saki hannun kujera. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, amma har na bayan rumfa sun ji.

"Sau goma sha ɗaya na fito. Yau ban fito ba. Chilekwa, ubanka ne, ya ɗauke ka a kafaɗa, ɗage masa. Ni wurina yana can." Ta nuna tsohon ɓangaren makabartar, wajen wata bishiyar mangwaro. "Gefen Lombe. Fasto, ka ji da kunnenka."

Kawu ya je ya ja ƙyallen da kansa, zaren ya sarƙe, sai da aka ba shi reza. Ba wanda ya yi guɗa. Amma da aka koma gida an ci abinci sosai, ko ƙashin kaza ba a bari ba, kuma a wajen wanke hannu na ji wata tana cewa tsufa ne ya fara taɓa tsohuwar.

Ranar Litinin na buga maganarta a shagonmu, layi huɗu. Ta dangwala yatsa a gaban Fasto da Amai Jere, na sa takardar a akwatin ƙarfe, a kan katin awon ƙaramar Lombe. Kawu ya yi wata bakwai bai kira ni ba.

Kaka ta ƙara shekara biyu da wata uku. Da ta rasu na fito da takardar tun kafin dangi su gama sauke jakunkuna. Kawu ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce, "Na ji ai, ina wajen." Shi ya riƙe gaban akwatin gawar har gindin mangwaron. Dutsenta ƙarami ne, ni na zaɓi rubutun: sunanta, shekarunta, da sunan 'yar da ke gefenta.

Babban dutsen yana nan, rabinsa na dama sumul, ruwan zinariyar ya fara ɓarewa daga ƙarshen layin. Masu wucewa kan tsaya su karanta, su ce Allah sarki, matar tana raye ke nan. In ina kusa ba na gyara musu. Sai in wuce da tsintsiyata wajen mangwaro.